Ragon Sawakini, kaska da haɓo: muhawarar da aka tafka a Zauren Hausawan Makka da Jidda

Malam Nuhu (shugaban zaure):
Assalamu alaikum jama'a. Tun jiya da daddare ake ta turo saƙon muryar wata mata tana rantsuwa wai ragunan Sudan da aka sauke a Jidda suna ɗauke da Ibola, kada kowa ya sayi Sawakini bana. Na goge shi. Ba ta faɗi sunanta ba, ba ta faɗi inda ta ji ba, sai dai "wani likita ya ce". Wanda ya sake turowa zan fitar da shi na mako guda. Amma tunda layya ta gabato, kuma da yawanmu da dabba muke cin abinci, ga Dakta Bashir ga Anti Hauwa a cikinmu, su warware mana.

Alhaji Ɗanladi (Ka'akiyya):
Allah ya saka da alheri, Malam. Wallahi yau har an sallama mini ciniki, mutumin ya duba wayarsa ya ce ya fasa. Aikin 'yan baƙin ciki ne, masu ragunan Na'imi da Harri da ke so a guji Sawakini nasu ya ƙara tsada. Ragon nan kafin ya hau jirgin ruwa a Sawakin sai an killace shi an yi masa allura, ya iso Jidda a sake ɗibar jininsa. A 2020 jirage nawa aka mayar da kayansu a cike saboda gwaji bai yi ba? Mu muka ji a jikinmu. Ina Ibola za ta bi ta wuce?

Dakta Bashir (likitan dabbobi, Jidda):
Wa alaikumus salam. Rago ba ya ɗaukar Ibola, wannan a ajiye shi gefe. Ina zaton inda matar ta tsinto zancen shi ne akwai nau'in Ibola da ake danganta shi da Sudan, domin a 1976 ya ɓulla a garuruwan Nzara da Maridi, ya kama mutum 284, ya kashe 151. Garuruwan nan suna can ƙuryar kudu kusa da iyakar Kongo, kuma tun 2011 suna cikin Sudan ta Kudu. Tsakaninsu da makiyayan Kordofan da ke kiwon ragunan da Alhaji ke sayarwa tafiya ce mai nisan gaske. Ibola daga namun daji take shigowa mutane, sannan ta bi jini da amai da gawa daga mutum zuwa mutum.

Sai dai Alhaji kada ka yi saurin tafa hannu. Ibola 'yar dangi ce, ana ce musu zazzaɓi mai sa zubar jini, kuma a dangin akwai uku da dabbar gida ce hanyarsu: zazzaɓin Kwarin Rift, wanda a nan ake ce wa wadil mutasaddi'i, da zazzaɓin Kirimiya-Kongo, da na Alkhurma. Duk ukun sun taɓa kashe mutane a ƙasar nan da muke zaune, kuma mahauta da makiyaya suka fi shafa.

Abu Yasir:
To fa. An kori Ibola ta ƙofa an shigo da uku ta taga. Dakta ni a Jarwal aka haife ni, ban taɓa jin wanda rago ya kashe ba sai dai ya tunkuye shi.

Dakta Bashir:
Ka tambayi manyanka labarin Jizan. A watan Satumba na 2000 zazzaɓin Kwarin Rift ya ɓulla a can da Yaman, karo na farko ke nan da aka gan shi a wajen Afirka. A Saudiyya kaɗai sama da mutum 800 suka kamu, fiye da 120 suka rasu. Shi ya sa aka rufe shigo da dabbobi daga Somaliya da maƙwabtanta, ba a buɗe wa Somaliya ba sai 2009. Allurar da Alhaji ke magana a kai, da jiragen da aka mayar, duk saboda wannan cutar ce. A Oktoban 2019 ma an dakatar da dabbobin Sudan na wani lokaci da ta sake ɓulla a jihar Bahar Maliya.

Ni a Maiwurno aka haife ni, kuma ina aiki a yankin Sinnar a 2007 lokacin da ta faɗa wa jihohin Farin Nilu da Sinnar da Jazira. Damina ta yi ƙarfi a shekarar, ruwa ya kwanta ko'ina. Ƙwan sauron da ke ɗauke da cutar yana iya shekaru a busasshiyar ƙasa, ruwa na kwanciya ya ƙyanƙyashe. Alamar farko ba a jikin mutane muka gani ba. Za ka shiga garke da safe ka tarar tumaki sun yi ta ɓari a dare ɗaya, nan ɗan tayi can ɗan tayi, ƙananan 'yan raguna kuma sun mutu a kwance. Makiyayi ya zo da hannunsa tsirara ya kwashe ɓarin, ya jawo mabiyiyar da ta maƙale, ya goge hannu a jallabiya. Tunkiyar da ya ga ta langaɓe sai ya yi maza ya yanka kada ta zama mushe, a raba nama gida-gida, mata su wanke kayan ciki. Kwana biyu zuwa shida sai zazzaɓi. Yawanci mutum ya yi kwanaki ya tashi kamar ya yi mura mai nauyi. Kaɗan ne takan taɓa musu ido, wasu ganin ba ya dawowa daidai, wasu ƙwaƙwalwa, wasu kuma idonsu ya yi ɗorawa su fara aman jini, kuma a cikin waɗannan kusan rabi ba sa tashi. Da aka gama lissafi an samu fiye da mutum 700, mutum 230 suka rasu.

Baba Garba mahauci:
Yaro, ban ƙi ta taka ba, karatu ka yi. Amma ni tun ban da gemu nake fawa, daga Kano na kawo ta nan. Jinin da ya taɓa hannun nan da za a tara shi ya cika rijiya. In ina fiɗa, wuƙa a baki nake riƙe ta in hannu biyu na aiki. In tsaga ƙafar rago in sa baki in hura har fata ta rabu da nama. Kaska kuwa in na gan ta ta yi ɓul-ɓul a kunnen dabba, farce biyu nake sa mata, ka ji ta yi ɗas. Ga ni nan garau, sai ciwon gwiwa.

Anti Hauwa (nas, Jidda):
Baba Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, amma wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Wannan ɗas ɗin da kuke ji, jinin dabbar ne da na kaskar ke fantsama a yatsunku, kuma hannun mahauci ba ya rabuwa da yanka. Allah ne ya tsare ku. Yaran da ke koyo a ƙarƙashinku kada su gaji wannan.

Malam Idrisu:
Ni a ganina Shari'a ta riga ta rufe ƙofar. Dabbar da ciwonta ya bayyana ba ta isa layya ba, haka mai ido ɗaya, da gurguwa, da ramammiyar da ba ta da ɓargo. Wanda ya bi wannan ya zaɓi lafiyayye, me zai same shi?

Dakta Bashir:
Allah ya gafarta Malam, nan ne gizo ke saƙar. Sharaɗin nan yana kare mu daga abubuwa da yawa, amma zazzaɓin Kirimiya-Kongo ba ya kwantar da dabba. Kaska ta ciji rago, cutar ta yi kamar mako guda tana yawo a jininsa, shi kuwa yana cin harawarsa, gashi na sheƙi, ido tar. Ni kaina da nake likita ba zan gane shi da ido ba. Sai mutum ya yanka, jini ya shiga masa ta ƙujewa ko ya fantsa masa a ido. A mutum kuwa tana kashe tsakanin 10 zuwa 40 cikin 100 na waɗanda suka kamu. A nan Makka, tsakanin 1989 da 1990, ta kama wajen mutum 40, akasarinsu masu aikin mayanka, 12 suka rasu. A Iraƙi tun 2022 ta tsananta, mutane ɗaruruwa, kuma lokacin layya abin ke ƙaruwa saboda yanka a ƙofar gida.

Ta Alkhurma kuwa 'yar gida ce. A Jidda aka fara gano ta a 1995, a jikin masu sana'ar nama, aka sa mata sunan garin Alkhurma da ke gaba da Ɗa'ifa. Daga baya an yi ta samun ta a Makka da Najran. Ita ma kaska ce, musamman ta raƙuma da tumaki, da jinin yanka, da nonon raƙumi da ba a tafasa ba. Saboda haka wanda ya guji Sawakini ya sayi ragon gida bai tsere wa komai ba. Kaska ba ta duba fasfo.

Alhaji Ɗanladi:
Yawwa! Wannan jimlar ta ƙarshe ita zan ɗauka in tura wa kwastomomina.

Malam Nuhu:
Alhaji ka tura duka, ba wadda ta yi maka daɗi kaɗai ba.

Maman Husna (Misfala):
Don Allah ku yi haƙuri in katse ku, tun ɗazu nake karantawa gabana na faɗuwa. Ɗan yayata da ke zaune a wajena, yana taya wani mutum fiɗa in an yi yankan biki a istiraha, gidan hayar da ake biki a ciki. Tun ranar Asabar yake zazzaɓi, kai kamar zai tsage, bayan ido na ciwo, gaɓoɓi duk sun riƙe. Mun sayo masa magani a saidaliyya, mai maganin ciwon jiki ɗin nan mai ƙarfi. Jiya zazzaɓin ya sauka muka ce alhamdu lillahi. To yau da asuba ya yi haɓo, da ya yi asuwaki kuma dasashinsa ya ƙi daina jini, yanzu yana cewa cikinsa. Na ce ko zafin gari ne.

Anti Hauwa:
Yaya, ajiye wayar nan ki kai shi asibiti yanzu, ba bayan La'asar ba. In ba mota ki kira motar asibiti ta Hilal Ahmar a 997. Kada a sake ba shi ko ƙwaya ɗaya ta wancan maganin. Asfirin, ibuprofen, diclofenac, duk suna ƙara tsinka jini, in dole ne sai dai farasitamol. Ki ɗauki kwalin maganin ki tafi da shi. Tsumman da aka goge haɓon kada ki taɓa da hannu, ki sa leda ki ƙulle. Sannan abu mafi muhimmanci: kuna shiga, kafin a tambaye ku, ki ce wa likita yaron nan fiɗa yake yi, ranar kaza ya yi yanka na ƙarshe, kuma ko kaska ta cije shi. Kada ki ce ɗalibi ne, kada ki ce ba ya aikin komai.

Maman Husna:
Matsalar ita ce igamarsa, takardar izinin zama, ta mutu tun bara.

Abu Yasir:
Kun ji abin da nake gudu. Anti kina cewa ta faɗi sana'arsa. Yaro ba igama, kuma ya je ya ce yana fiɗa a wajen mayanka, abin da baladiyya, hukumar gari, ke cin tara a kai. Laifi biyu ke nan ya kai kansa. Ku masu takarda sauƙin faɗa ne a wajenku. Mutanenmu nawa suka gwammace su kwanta a ɗaki da jiƙe-jiƙe saboda tsoron tarhil, a mayar da su gida?

Anti Hauwa:
Ƙanena, na san wannan tsoron, ba a sama na faɗo ba, a Karantina na girma. Amma wanda aka mayar gida yana ci gaba da rayuwa, wanda jini ya ƙare masa a ɗaki fa? Kuma ba don shi kaɗai nake cewa a faɗi gaskiya ba. Zazzaɓi da haɓo a idon likita abubuwa goma ne. In bai san yaron mahauci ba ne, zai bi ta wata hanyar, ya kwantar da shi a tsakiyar mutane, mu kuma mu zo ɗibar jini da sakaci. Kirimiya-Kongo tana tsallakawa daga majinyaci zuwa mai jinya ta jini. A 2008 a garin Fula na Kordofan haka ta yi, mutum ɗaya aka kawo, ta bi ma'aikatan jinya da 'yan'uwan da ke zaune da shi. Kalma ɗaya, "mahauci ne", ita ke sa a keɓe shi, a sa kayan kariya, a aika jininsa gwajin da ya dace tun da sauran lokaci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Malam Idrisu:
Tsare rai yana gaba da tsare takarda, wannan babu saɓani. Hajiya ki tashi.

Sani Direba:
Ina kusa da Kudai, Hajiya turo mini wurin a keɓe in zo in ɗauke ku. Lokacin korona ai Sarki Salman da kansa ya ba da umarni a 2020 a yi wa kowa magani kyauta har da marasa igama.

Abu Yasir:
Na korona ne wannan, Yaya Sani, kada mu ba ta tabbacin da ba namu ba.

Malam Nuhu:
Ba tabbaci muke ba ta ba, mota muke ba ta. In kuɗi ya taso zaure zai haɗa, na buɗe da riyal 200. Sani ka shimfiɗa leda a kujerar baya, ka buɗe gilasai.

Hajiya Kande mai abinci:
Allah ya ba shi lafiya. Ni tambayata kan nama ce. Kullum ina dafa wa mutane, ga alhazai na tafe. In ragon yana da abin a jininsa, wanda ya ci fa?

Dakta Bashir:
Hajiya, naman da ya dahu sosai ba shi da matsala, wuta na kashe su duka. Haɗarin yana tsakanin wuƙa da tukunya: mai yanka, mai fiɗa, mai wanke tumbi da hanji, mai yayyanka hanta tana ɗumi. In kina da yanka a yatsa ki rufe shi ki sa safar hannu, allon da aka yanka ɗanye a kai a wanke da sabulu kafin a ɗora salak. Kuma barin nama ya sha iska na wasu sa'o'i kafin a taɓa shi ya fi a dirar masa yana motsi.

Inda zan yi faɗa da 'yan'uwana na Sudan shi ne marara.

Usman Ɗan Gadarif:
Kai Dakta! Ka taɓo inda ba a taɓawa. Ga waɗanda ba su sani ba: ana gama fiɗa, a yanko hanta da huhu da tumbi, a wanke, a zuba albasa da lemon tsami da shaɗɗa da tunkuza, a ɗiga ɗan maɗaci, a ci a tsaye tun nama bai hau wuta ba. Sallar da ba a ci marara ba ai ba a yi ta ba. Mutanenmu cewa suke lemon tsami da barkono na kashe komai.

Dakta Bashir:
Da lemon tsami na kashe ta da ba mu binne mutane a 2007 ba. Hanta ita ce gidan zazzaɓin Kwarin Rift a jikin dabba, in ka buɗe ɗan ragon da ta kashe hantar ce za ka tarar ta lalace. Ni ma da marara aka raine ni, na kuma san daɗinta, amma na bar ta. Ga agashe, wanda mu Hausawa muka koya wa Sudan gaba ɗaya, ya ishe mu alfahari, kuma ta wuta yake bi. Haka masu tsayawa a hanyar Ɗa'ifa ko ta Madina a tatso musu nonon raƙumi su sha da kumfarsa: a tafasa.

Baba Garba:
Nonon raƙumin da aka tafasa ai ya zama shayi.

Maman Husna:
Jama'a mun gode, Allah ya saka wa Malam Sani. An karɓe shi, na faɗa musu komai yadda Anti ta ce. Da suka ji fiɗa sai suka sa shi ɗaki shi kaɗai. Gwajin farko ya nuna dengi ce, sun ce ƙwayoyin da ke daskarar da jini sun yi ƙasa sosai, an sa masa ruwa. Sun ce za su riƙe shi, sun kuma aika wani jinin wani wuri.

Abu Yasir:
Alhamdu lillahi. To ashe ba ragon ba ne ma. Duk wannan tayar da hankali a kan sauro.

Anti Hauwa:
Kada ka raina ta, ita ma 'yar dangin ce. Kuma ku lura da abin da ya yaudari Yaya: zazzaɓi ya sauka suka ɗauka sauƙi ne. A dengi, kwana ɗaya zuwa biyun da ke bin saukar zazzaɓi su ne mafi haɗari, lokacin ne ruwan jini ke tsiyaya daga jijiyoyi. Ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, jini a hanci ko dasashi, baƙin bayan gida, mutum ya yi laushi ko ya riƙa fizge-fizge, ko ɗaya aka gani asibiti. Nau'inta huɗu ne, wanda ya yi ɗaya bai tsira daga sauran ba, kamu na biyu ma yana iya fin na farko muni.

Tun 1994 dengi ta zauna a Jidda, kuma mu muke kiwon sauronta. Ba na kwata ba ne, ruwa mai tsabta yake so. Baƙi ne ƙarami mai ɗigon fari a ƙafafu, da rana yake cizo, da hantsi da kuma gab da Magariba, shi ya sa gidan sauro na dare kaɗai ba ya isa. Ku duba unguwanninmu: ruwa sai an kira tanka, kowa ya cika duro da jarkoki ya bari a buɗe, ga bokitin da ke tarar ruwan mukayyif mai sanyaya ɗaki, ga tankin saman bene da murfinsa ya fashe. Ƙwan yana manne a jikin duron daga ciki, ko an zubar da ruwa yana nan har watanni. Sai an sa soso an goge, mako-mako.

Usman Ɗan Gadarif:
Anti kamar kina gidanmu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 mutanen Khartum da Madani suka cika Gadarif da Kasala da Fot Sudan, makarantu sun zama gidaje, kowa da randarsa da jarkarsa. Dengi ta yi mana rubdugu, akwai lokacin da gida ɗaya za ka tarar da mutum uku a kwance, ruwan ƙari ya yi wuyar samu. Abin da ya fi damuna shi ne kowane zazzaɓi a wajen mutanenmu maleriya ne. A sha maganin maleriya, bai yi ba a sake wani, a ce taifod, har jini ya ɓalle. Ga shi dabbobi ma yaƙin ya sauya musu hanyar kiwo, allurar da ake yi musu duk shekara ta samu tangarɗa a wurare da dama.

Malam Idrisu:
Allah ya kawo ƙarshen fitinar nan. Wani ya rubuto mini a keɓe yana cewa duk wannan ƙarancin tawakkali ne. Ina tuna masa Sayyidina Umar da ya nufi Sham, ya ji annoba ta sauka, ya juya da jama'arsa. Da aka ce gudun ƙaddarar Allah yake, ya ce daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Kuma in likitoci sun ce gawar wani kada a taɓa ta da hannu, masu wanka su bi, malamai sun ba da mafita a kan haka tun lokacin Ibola.

Hajiya Kande:
Malam ka tuna mini 2014. An hana mutanen Gini da Laberiya da Saliyo bizar Hajji, mu kuma muna ta addu'a kada a haɗa da Nijeriya bayan mutumin nan Patrick Sawyer ya shigo da ita Legas. Likitar da ta hana shi fita, Dakta Adadevoh, ita ma ta rasu. A daren nan ƙanwata ta bugo mini daga Kaduna ƙarfe uku wai in tashi in yi wanka da ruwan gishiri in sha. Har mutuwa aka yi a kan shan gishirin nan.

Anti Hauwa:
Tunda an zo kan alhazai, ku ja kunnen 'yan'uwa masu tahowa a kan katin shawara. Akwai masu biyan kuɗi a buga musu hatimi ba tare da allura ta taɓa su ba. Shawara ita ma 'yar dangin ce, amma tana da rigakafi mai ƙarfi, allura ɗaya ta ishi mutum har ƙarshen rayuwarsa, a yi ta aƙalla kwana 10 kafin tafiya. A Darfur a 2012 shawara ta kama fiye da mutum 800, ta kashe 171. Kuma sauron da ke yaɗa ta shi ne wannan dai na dengi da ke cikin durunanmu. Wanda ya shigo da katin bogi ba hukuma ya cuta ba. Sannan baƙon da ya sauka daga gida ya kwanta da zazzaɓin da ya ƙi jin magani cikin mako uku, a gaya wa likita daga wace jiha ya fito, saboda Lassa. Bauci, Taraba, Edo, Ondo, ba a raba su da ita da rani.

Alhaji Ɗanladi:
To ni yanzu me zan yi a garkena? Ku ba ni abin yi, ba tarihi ba.

Dakta Bashir:
Ka yi wa dabbobin feshin maganin kaska mako biyu kafin ranar yanka, kada ka zuba sababbi a cikinsu bayan nan, domin wanda ke da cutar a jini ta gama fita kafin wuƙa ta hau shi. Ka duba kwanakin da aka rubuta a jikin maganin na tsakanin feshi da yanka. Ka fesa har bangon garken da tsagogin ƙasa, can kaska ke ɓuya. Yaranka su daina kwana a kan buhunan abincin dabbobi. Wanda kaska ta kama, a sa hantsaki a kamo ta daf da fata a ja a miƙe, ba a ƙona ta, ba a zuba mata kananzir, ba a matse ta. Ya riƙe ranar a kansa, in zazzaɓi ya zo cikin mako biyu ya tafi asibiti da labarin. Tunkiya ta yi ɓari, a kira likita, ba a ɗauka da hannu. Masu layya kuma su kai mayanka ta hukuma inda likita ke duba naman. Alhazai dama tun 1983 akwai tsarin Adahi da Bankin Musulunci ya fara gudanarwa, a biya a yanka a Mu'aisim, ba sai an bi wani lungu ba.

Baba Garba:
Duk na ji. Hura ƙafa zan bari, dama akwai famfon iska yanzu. Amma safar hannu, 'yata Hauwa, kin taɓa riƙe wuƙa da ita a zafin Makka? Ta asibitin nan taku kafin in gama rago ɗaya ta yage, gumi ya cika ta, wuƙa na santsi. In na yanke yatsa wa zai biya?

Anti Hauwa:
Ba irin tamu za ku sa ba, Baba. Akwai mai kauri mai kaushin tafi da ke kaiwa gwiwar hannu, irin ta masu kifi a Bangala. A haɗa da takalmin roba da gaban leda, da tabarau ko na masu walda ne marar duhu, saboda fantsama lokacin yanka.

Baba Garba:
Tabarau kuma? Yaran Ka'akiyya za su ce Baba Garba ya koma tuƙin jirgi.

Sani Direba:
Gobe ina da lodi zuwa Jidda. Baba faɗi girman hannunku da lambar takalmi in taho muku da su. Yara nawa ne a wajenku?

Baba Garba:
Biyar ne, da ni shida. Takalmina 44. Alhaji Ɗanladi zai biya, tunda ragunansa muke fiɗa.

Alhaji Ɗanladi:
Safar hannu na ɗauka. Takalmi kowa ya sayi nasa.